Uwar Tarago: Sana'ar Kula da Fasinja a Layin Dogon Siberiya

In mutum ya shimfiɗa taswirar Rasha yana neman wuraren da masu yawon buɗe ido ke rububin zuwa, zai ga da yawansu sun jeru a bakin hanya guda. Hanyar kuwa ita ce layin dogon da ya tashi daga tashar Yaroslavsky a Mosko, ya ratsa duwatsun Ural, ya keta Siberiya, ya bi gaɓar tafkin Baikal, bai tsaya ba sai Vladivostok a bakin tekun Fasifik. A can ƙarshe, kan dandamalin tasha, akwai wani ginshiƙi mai ɗauke da lamba 9288, yawan kilomitocin da matafiyi ya baro a bayansa ke nan. Ka ninka tafiyar jirgin ƙasa daga Legas zuwa Kano sau takwas, har yanzu da ɗan saura. Jirgin da ake kira Rossiya, wanda ke amsa wannan suna tun 1966, kwana shida zuwa bakwai yake yi a hanya. Lokacin da agogon Mosko ya buga sha biyun rana, mutanen Vladivostok na cikin ƙarfe bakwai na yamma.

Littattafan yawon buɗe ido cike suke da hotunan abin da ake hangowa ta taga, amma ba kasafai suke nuna wadda ke riƙe da makullin taragon ba. Rashawa na ce mata provodnitsa, ni kuwa na kira ta uwar tarago. Akwai maza a sana'ar, sai dai mata sun fi su yawa nesa ba kusa ba. A irin wannan doguwar tafiya mutum biyu ake ba tarago ɗaya, suna karɓa-karɓa, ɗaya na tsaye ɗaya na kwance a wani ɗan matsattsen ɗaki da ke bakin ƙofa. Ni a ganina, wannan mata ita ce ginshiƙin yawon buɗe ido a wannan hanya, kuma ita aka fi mantawa da ita in an dawo gida ana ba da labari.

Aikinta yana farawa tun fasinja bai bar gidansa ba. A filin da ake ajiye taragai take karɓar nata, ta ƙirga zannuwan gado da tawul da barguna da kofunan shayi da cokula, ta duba ko an cika tankin ruwa, ta duba kwal, ta duba abin kashe gobara da fitilu da makullan ƙofofi, sannan ta sa hannu a takarda. Daga wannan sa hannu, duk abin da ya ɓace ko ya lalace ita za a tambaya. In an jawo jirgi bakin dandamali sai ta buɗe ƙofa, ta sauke matakala, ta ɗauki tsumma ta goge ƙarafan riƙo na gefen ƙofa don kada ƙurar hanya ta ɓata hannun mai hawa. Sannan ta tsaya cikin inifom ɗinta, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, tana karɓar fasfo tana gwada suna da tikiti. A Rasha tikitin tafiya mai nisa da sunan mutum ake yankarsa, don haka ba wanda zai taka matakala sai ta tabbatar shi ne.

Taragan kansu iri uku ne, kuma kowanne da irin wahalarsa. Akwai na manya mai gado 18, ɗaki tara, mutum bibbiyu. Akwai kupe mai gado 36, mutum hurhuɗu a ɗaki, da ƙofar da ake jawowa a rufe. Sai kuma platskart, taragon talaka, mai gado 54 ba ƙofa ba labule, ƙafar wani a fuskar hanya, kayan wani a ƙarƙashin gadon wani. A nan ake sanin gwanar aiki. Mutum hamsin da huɗu ne ke ci da sha da barci da minshari a ɗaki guda na tsawon kwanaki: soja mai komawa gida hutu, ma'aikacin haƙar ma'adinai, tsohuwa mai kai wa jikoki ziyara, leburan Uzbekistan da Tajikistan, da ɗan yawon buɗe ido da kyamararsa. Wani ya hau a Kirov zai sauka a Omsk, wani ya gaje gadonsa kafin katifar ta huce. Kowane sabon fasinja sai ta miƙa masa ƙunshin zanin gado da rigar matashi da tawul, kowane mai sauka sai ta karɓi nasa ta ƙirga. Ƙa'ida ta ce a goge tarago da ruwa aƙalla sau biyu a rana, banɗaki kuwa sau huɗu, kuma ita ce mai bokiti da tsumma.

Daura da ɗakinta akwai wata tukunyar ƙarfe da suke kira titan, wadda ruwanta ba ya rabuwa da zafi dare da rana. Ruwan zafin kyauta ne, kuma a kansa rayuwar tarago ta dogara: da shi ake jiƙa taliyar kwali, da shi ake dama garin dankali, da shi ake haɗa wa jariri madara. A tsofaffin taragai da ƙiraren itace da kwal ake hura ta, a sababbi da lantarki. Shayin jirgin ƙasa kuwa a Rasha yana da nasa kwalliya. Ana zuba shi a kofin gilashi, a zaunar da kofin cikin wani mariƙi na ƙarfe mai hannu da zane a jiki, wanda suke kira podstakannik, irin da masana'antar garin Kolchugino ta yi suna wajen ƙerawa. Dabarar ita ce kada gilashi ya ƙona yatsa, kada kuma ya kife in jirgi ya girgiza. Gwanar uwar tarago takan saƙalo irinsa huɗu ko biyar a yatsun hannayenta, ta ratsa hanyar tsakiya jirgi na gudu, cokula na kaɗawa a cikin gilashi, ba ta zubar da ɗigo ba. Baƙi da yawa sukan sayi mariƙin a wajenta su tafi da shi tsaraba.

Amma duk wannan ƙaramin aiki ne in aka kwatanta da na hunturu. Tsakanin Chita da Khabarovsk, a garuruwa irin su Mogocha da Yerofey Pavlovich, sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, ita kuwa ana so ta riƙe cikin tarago a wajen digiri 22. Ruwan zafi ne ke zagaya taragon cikin bututu, daga wata tukunya da ke ɗan zauren bakin ƙofa. Tun 2002 aka gama sa wa layin lantarki daga farko har ƙarshe, don haka yawanci lantarki ke ɗumama tukunyar, amma taragai da dama har yau suna da murhun kwal a matsayin madogara, kuma dole ta iya shi: kwasar kwal da bokiti, zuba shi da shebur, fitar da toka, lura da ma'aunin zafi. In ta yi sakaci wuta ta mutu a irin wannan wuri, ruwan bututu ya daskare, bututu ya fashe, taragon ya tashi daga aiki da mutanensa a ciki.

Ga yadda tsayuwar minti ashirin take kasancewa da tsakar daren Janairu. Jirgi na tsayawa ta zura babbar riga da hular gashi, ta sauko da gatari ko sandar ƙarfe a hannu. Ta durƙusa gefen taragon ta shiga sarar ƙanƙarar da ta taru a ƙarƙashi, a bakin bututun zubar da ruwa da kan akwatunan batir da kewayen birki, ƙanƙarar na faɗowa gunduwa-gunduwa a kan duwatsun layi. In bututu ya toshe sai ta koma ta ɗebo tafasasshen ruwa a buta ta kwarara masa har ya saki. Ta cire safar hannu ta ɗora bayan hannunta a kan mazaunin boris na taya, ta ji ko ya ɗau zafi fiye da kima, domin boris ɗin da ya ƙone yana iya karya ƙarfen taya ya kifar da jirgi. A ɗakinta ma akwai na'urar da ke ƙara in zafin ya wuce iyaka, kuma in ta yi ƙara dole ta ja birkin gaggawa ta tsayar da jirgin gaba ɗaya. Gefenta masu duba taragai na wucewa da doguwar guduma suna ƙwanƙwasa tayoyi suna sauraren amon ƙarfe. Duk wannan, ido ɗaya na kan fasinjojin da suka sauko shan iska da silifas a ƙafa. Saura minti biyar ta fara kora su ciki. Da jirgi ya motsa sai ta tsaya a bakin ƙofa da naɗaɗɗiyar tuta rawaya in da rana ne, ko farar fitila in da dare, alamar lafiya lau. Ja kuwa, tuta ko fitila, ma'anarsa a tsaya. Mutanen da ke cikin bargo ba su san an yi ba.

Sai maganar lokaci, wadda ke rikita baƙo fiye da komai. Har zuwa watan Agustan 2018 dukkan jadawalin jiragen ƙasa na Rasha da agogon Mosko ake rubuta shi, ko da kuwa tashar na can bakin iyakar Sin. Mutum ya ga an rubuta ƙarfe uku na rana, ya leƙa waje ya ga dare ya tsala. Yanzu an koma lokacin kowane gari, amma kan matafiyi bai daina juyawa ba, don kusan kullum sai an ƙara awa ɗaya. Uwar tarago ce agogon kowa. Tana riƙe da lissafin wanda zai sauka a kowace tasha, kuma wajibi ne ta tashe shi aƙalla rabin awa kafin a isa. A wasu ƙananan tashoshi minti biyu kacal jirgi ke tsayawa. In ta yi gyangyaɗi, wani bawan Allah ya wuce garinsu da kilomita ɗari biyu.

Musulmin da ya bi wannan hanya zai fi kowa sanin amfaninta. Wasu jiragen ta Kazan suke bi, babban birnin Tatarstan, inda masallacin Kul Sharif da aka buɗe a 2005 ke tsaye cikin ganuwar tsohuwar fada, kuma mutane da dama sukan yada zango a nan su yi Juma'a. A cikin jirgi kuwa, a tsofaffin taragai ana kulle banɗaki tun kafin a shiga babban gari har sai an fita, saboda tsabtar gari. Mai son alwala in yana da wayo sai ya tambaye ta tun da wuri yaushe za ta kulle, yaushe kuma za a yi doguwar tsayuwa. Za ta nuna masa a jadawalin da ke manne a bango, da yatsa in babu yaren da ya haɗa su.

Ba a ɗauke ta aikin ja-gorar baƙi ba, amma ita ce ja-gorar. Ita za ta ce maka ka tsaya a tagar kudu in an kusa kilomita 1777, don ka ga farin ginshiƙin da ke raba Turai da Asiya, wanda jirgi ke wucewa cikin ƙiftawar ido. Bayansa sai Yekaterinburg, inda aka kashe Sarki Nicholas na Biyu da iyalinsa a 1918, aka kuma gina coci a wurin. Sai Novosibirsk, birni na uku a girma a ƙasar, wanda asalinsa zangon ma'aikatan da suka zo gina gadar kogin Ob ne a 1893. Sai Krasnoyarsk da kogin Yenisei da tsayayyun duwatsun Stolby. Tsakaninsu kuwa daji ne, taiga, kwana da kwanaki na itatuwa masu farin ɓawo da ƙauyukan katako.

Baikal ne dai abin da kowa ke jira. Tsawonsa kilomita 636, zurfinsa ya kai mita 1,642, babu tafkin da ya kai shi zurfi a duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a bayan ƙasa ba a daskare ba yana cikinsa. Koguna fiye da 300 ke zuba a ciki, Angara kaɗai ke fita. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1996. Masu lokaci sukan sauka a Irkutsk, garin tsofaffin gidajen katako masu sassaƙaƙƙun tagogi, su shiga mota zuwa Listvyanka ko tsibirin Olkhon. Daga Janairu tafkin kan daskare, ƙanƙarar ta yi kauri har mota ta hau, ga ta garau ana hango ƙasan ruwa ta cikinta. Wanda bai sauka ba ma bai yi asara ba, domin daga Slyudyanka, inda ginin tasha kansa da dutsen marmara aka yi shi, jirgi na bin gaɓar ruwan kusan kilomita 200, wani wurin har kamar igiyar ruwa za ta taɓa taya.

Wannan yanki shi ya fi ba magina wuya. A watan Mayun 1891 ne Nicholas, lokacin yana yarima mai jiran gado, ya juye baron ƙasa na farko a Vladivostok, ministan kuɗi Sergei Witte kuma ya tsaya tsayin daka har aikin ya tafi. Amma da layi ya iso Baikal sai duwatsu suka tare shi. Aka sayo jirgin fito mai fasa ƙanƙara daga Newcastle ta Ingila, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka haɗa a bakin tafkin, yana ɗaukar taragai fiye da 20 yana ƙetarewa da su. A hunturun 1904, ana yaƙi da Japan, har kan ƙanƙarar aka shimfiɗa dogo, dawakai na jan taragai. Daga bisani aka gama huda duwatsun gaɓar da ramuka kusan 40 aka zagaya. Sai a 1916, da aka gama gadar kogin Amur a Khabarovsk, layin ya haɗe gaba ɗaya a cikin ƙasar Rasha. Tsohon layin gaɓar mai ramukan nan kuwa, tun da madatsar ruwan Irkutsk ta cinye wani sashensa a shekarun 1950, ya zama na masu yawon buɗe ido, jirgi na tafiya a hankali yana tsayawa ana ɗaukar hoto.

Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne, a sa'o'in nan da kowa ya manna goshi a gilashi, ita uwar tarago ko dai tana barcin gajiya don duti ya faɗo mata da dare, ko tana haɗa shayi, don a lokacin ne kowa ke son kofi a hannu. Mace za ta yi shekara ashirin tana wuce Baikal sau biyu a wata, ba ta taɓa zama a bakinsa ta wuni ba. Amma ta san a wace sa'a za a iso shi, kuma takan bi gado-gado ta taɓa ƙafar baƙon da ya roƙe ta kada ta bari ya yi barci ya wuce.

Baƙi da yawa sukan ce matan nan ba su da fara'a, sun cika tsare gida. Ban yarda da wannan hukunci ba. Mace ɗaya ce a farke cikin dare da mutum hamsin, tasha mafi kusa na iya zama tafiyar awa uku. An hana shan taba a jiragen tafiya mai nisa tun 2014, an hana shan giya a taragon kwana, amma ba a rasa mai gwadawa, kuma ita ce za ta fara tunkararsa kafin a kira shugaban jirgi ko 'yan sandan sufuri. In yaro ya yi zazzaɓi ita, in tsoho ya faɗi ita za ta nemi a yi wa tasha ta gaba magana a tanadi likita, in rigima ta tashi kan wanda zai kwana a gadon ƙasa ita ce alƙali. Mai irin wannan nauyi ba zai yi ta washe baki ba. Waɗanda suka yi kwana biyu a hannunta sun san fuskar kan saki: ta ƙara maka bargo ba ka roƙa ba, ta ajiye maka abinci a wuri mai sanyi, ta gaya maka a wace tasha mata ke sayar da dafaffen dankali da soyayyen burodi mai nama a ciki. Mu da muke cewa baƙonka annabinka ya kamata mu gane mai karɓar baƙi in mun gan ta, ko da ba ta yi dariya ba.

Sana'ar ba ta da dogon karatu. Kwas ne na 'yan watanni a kan birki da lantarki da kashe gobara da taimakon gaggawa da ƙa'idojin tikiti, sai gwajin lafiya mai tsanani, sai tafiyar koyo a ƙarƙashin tsohuwar hannu. Yawancinsu ma'aikatan kamfanin fasinja ne na tarayya, reshen kamfanin jiragen ƙasa na Rasha. Da bazara, in matafiya sun yi yawa, akan ɗebo ɗaliban jami'a su yi aikin hutu. Zuwa Vladivostok da dawowa mako biyu ne cur, sannan a ba ta hutu a gida, kuma yawan albashinta na bin yawan sa'o'in da ta yi a hanya. Mako biyu ke nan uwa ba ta ga 'ya'yanta ba, tana barci guntu-guntu a kan gadon da ba ya daina rawa. Bayan haka ana sa ran ta sayar da shayi da biskit da kayan tsaraba na kamfani, masu bincike kuma na iya hawowa a kowace tasha su duba ƙura a saman taga ko su ƙirga fasinja. Wannan tallan da aka ɗora mata shi ne abin da nake ganin bai dace ba. Wadda ke tsaron rayukan mutane da dare bai kamata a auna ƙwazonta da yawan cakulan da ta sayar ba.

Abubuwa na sauyawa. Sababbin taragai na da na'urar sanyaya ɗaki da banɗakin da ba a kullewa da wurin cajin waya, wasu har da wurin wanka, kuma tikiti ya koma cikin wata 'yar na'ura a hannunta. Baƙi daga Yammacin Turai da Amurka sun ragu ƙwarai tun annobar 2020 da yaƙin Yukiren da ya biyo baya a 2022. Amma jirgin dama ba don su aka yi shi ba. Rashawa ne ke cika shi, kuma a garuruwa da yawa na gabashin Siberiya shi ne hanyar da ta fi tabbas ta zuwa asibiti ko makaranta ko biki.

Akwai 'ya'yanmu da ke karatu a Mosko da Kazan da sauran biranen Rasha, akwai kuma 'yan kasuwa da ma'aikata da ke zuwa. Duk wanda Allah ya ba shi dama da hali a cikinku, ya yanki tikiti ko da zuwa Irkutsk ne, ya ga Baikal da idonsa. In ka hau, ka duba sunanta a ƙirjin rigarta ka gaishe ta da shi. Kada ka yi nisa da jirgi a tasha, in ta ce a shiga ka shiga. In za ka sauka, ka naɗe zanin gadonka da tawul ka kai mata har ɗakinta, ka mayar mata da kofinta, ka yi mata godiya.